Kifin Tafki, Haihuwar Ƙorama

Tarwaɗa ba ta haihuwa a tsakiyar tafki. Idan ruwan sama mai ƙarfi na farko ya sauka a ƙasar Yauri, tsakanin Yuni da Yuli, ƙoramu suka kawo jan ruwa mai ƙanshin ƙasa, sai ta baro zurfin da ta yi rani a cikinsa, ta nemi bakin ƙorama, ta yi ta hawa, galibi cikin dare. Ba ta tsayawa sai ta kai inda ruwa ya malale cikin ciyawa, wurin da zurfinsa bai wuce gwiwar yaro ba. Nan take zuba ƙwanta, ya manne a jikin ciyawa, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Uwa ta juya ta koma. 'Ya'yan kuwa su yi makonni a wannan ruwa mai ɗumi, inda abinci ya yawaita, inda kuma giwan ruwa ba ya iya kutsawa ya cinye su. Sai ruwa ya soma janyewa suke biyo shi zuwa gulbi, sun kai tsawon yatsa ko tafin hannu.

Tafiyar gajeruwa ce, wani lokaci ba ta wuce 'yan kilomitoci ba. Amma a kanta rabo mai yawa na kifin da ake saukewa a bakin ruwan Yelwa da Zamare da Wara ya dogara, kifin nan da ake bandarsa, a ɗura a kwali, a loda wa motoci zuwa kasuwannin kudu. Mai saye yana ganin kifin tafki, alhali asalinsa ɗan ƙorama ne ko ɗan fadama. Duk maganar farfaɗo da kifin Kainji da ba ta faro daga nan ba, daga tsakiya ta faro.

Abin da ya tayar da zancen a wannan lokaci labari ne daga yammacin Amurka. A watan Oktoba na 2024 aka kammala rushe madatsun ruwa huɗu a kan kogin Klamath, tsakanin jihohin Oregon da Kalifoniya, bayan doguwar fafutukar ƙabilun asali na yankin, musamman Yurok da Karuk. Kafin watan ya ƙare an ga kifin salmon ya hau har cikin Oregon, wuraren da rabonsa da su ya haura shekara 100. Salmon kifi ne da ake haifa a ƙorama mai sanyi da tsakuwa, ya gangara teku ya girma, bayan shekaru ya komo ƙoramar da aka haife shi ya zuba ƙwai. Bango ɗaya a kan hanyarsa ya isa ya yanke zuriya. Kafin Klamath an yi irin wannan aiki a kogin Elwha na jihar Washinton tsakanin 2011 da 2014, can ma kifin ya komo.

Wanda ya karanta wannan labari a Yelwa, hankalinsa zai tafi kai tsaye ga bangon Kainji, wanda ke can kudu da garin, tafiyar sama da kilomita 100 ta ruwa. A nan ne kwatancen yake ɓacewa. Madatsun Klamath tsofaffi ne, wutar da suke bayarwa kaɗan ce. Kainji kuwa ginshiƙi ce a wutar lantarkin Nijeriya, babu wanda zai kawo maganar rushe ta a saurare shi. Ban da haka, kifin wannan yanki ba ya zuwa teku. Ƙaurarsa iri biyu ce. Wasu, irin su kawara da tsage, suna bin tsawon gulbi su hau sama idan ruwa ya taso. Wasu kuwa, kuma su ne suka fi cika kwando, a kaikaice suke tafiya: daga gulbi zuwa ƙorama, daga ƙorama zuwa fadama, sannan su komo. Tarwaɗa da ramboshi da falia suna cikin waɗannan. Bargi yakan shiga ciyawar da ruwa ya rufe, ya share fili, ya gina sheƙa zagayayya mai faɗin kusan mita ɗaya, ya tsaya yana gadin 'ya'yansa. Yauni ma da ciyawa yake haɗa tasa sheƙar, tana yawo a saman ruwa. Kifin da ke gina ɗaki da ciyawa, idan babu ciyawar da ruwa ya shafe a lokacin da ya dace, bai da gida ko da tafkin ya kai teku girma.

Lokacin da ya dace ɗin nan shi ne zuciyar al'amarin, kuma kogin Neja, wanda mutanen da ke kira Kwara, yana da wani hali da ba kowane kogi ke da shi ba. Sau biyu yake cika a shekara idan ya iso ƙasar Kabi. Cikar farko ta daminar gida ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai kauri da laka wanda Gulbin Kabi da Rima da Zamfara da Ka suke kwararowa da shi. Saboda launinsa ake ce masa farin ruwa. Cika ta biyu ruwan da ya sauka ne a duwatsun Gini, ya bi ta Mali, ya bazu a babbar fadamar da ke tsakanin Mopti da Tambutu, ya yi watanni yana tacewa, sannan ya iso nan cikin sanyin hunturu, wajajen Disamba zuwa Fabrairu, garau ba laka. Shi ne baƙin ruwa. Kifin yankin ya daidaita rayuwarsa da wannan kalanda: ya hayayyafa da ruwan farko, 'ya'ya su yi ƙiba a fadama da farin ruwa, baƙin ruwa ya tsawaita musu zama kafin rani ya matsa. Robin Welcomme, masanin kifi na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna tun a shekarun 1970 cewa a manyan kogunan Afirka yawan kifin da za a kama bana yana bin faɗin ambaliyar bara da ta bara waccan. Masunta ba su jira shi ba kafin su san haka. Abin da ya ƙara shi ne ya sa abin a lissafin da injiniya zai iya karantawa.

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka rufe ruwa a 1968. Tafkin da ya taru ya kai murabba'in kilomita kusan 1,270 idan ya cika, tsawonsa kimanin kilomita 136. An tayar da mutane wajen 44,000. Tsohuwar Busa ta nutse tare da gangaren duwatsun da Mungo Park ya halaka a cikinsu a 1806. Mafi yawan tsibirin Foge ya shige ƙarƙashin ruwa, Gungawa da suka yi ƙarnoni suna noman albasa da su a kan gungu suka koma sababbin ƙauyuka a tudu. An yi rubutu mai yawa game da abin da ya sami mutanen, kuma ya cancanta. Abin da ya sami kifin bai samu irin wannan kulawa a bakin jama'a ba, duk da cewa an kafa cibiyar bincike a Sabuwar Busa tun daga farko domin bin diddiginsa, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa.

Madatsar ta yi abu biyu. Ta raba kogin gida biyu, kifin ƙasa ba ya hawowa, kuma madatsar Jebba da ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980 ta ƙara wani yankan. Abu na biyu ya fi wuyar gani. Tafki ba ya bin kalandar kogi, kalandar injin wuta yake bi. Ana tara ruwa daga ƙarshen damina har cikin hunturu, sannan a yi ta sakinsa duk tsawon bazara, har ruwan ya sauka da kusan mita 10. Ke nan a daidai lokacin da kifi ya cika da ƙwai yana neman ciyawa, wato Yuni da Yuli, tafkin yana dab da ƙarshen ramarsa, bakinsa fili ne na laka da gonakin da aka shuka a inda ruwa ya janye. Abin da ya rage wa kifi mai neman wurin haihuwa shi ne ƙoramun da ke shigowa tafkin da ruwan sama, irin su Malendo daga gabas, Swashi da Menai daga ɓangaren Borgu, da ƙananan da sunansu bai wuce ƙauyen da suka ratsa ba, sai kuma kogin da ke arewa da Yelwa, wajajen Shanga zuwa sama, inda har yanzu ruwa ke tafiya kamar kogi yana malala cikin fadama. Madatsar da ta nutsar da fadamun tsakiya ita ce ta mayar da waɗannan wurare masu tsada. Ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga ta zama ɗakin haihuwar tafkin, ba tare da an taɓa naɗa ta ba.

Shekarun farko sun ruɗi kowa. Ruwa ya hau sabuwar ƙasa mai cike da ciyawa da ganye, falia ta yi yawan da ba a taɓa gani ba, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa suna kafa tunga. Ƙididdigar masu bincike ta nuna kamun ya kai kimanin tan 28,000 a 1971. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Daga baya ya sake tashi, wannan karon a kan warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake shanyawa a rana, waɗanda su kam tafki ya karɓe su. Ana kama su da dala, doguwar raga mai ido kamar gidan sauro da ake ja zuwa gaɓa. Dala ba ta tambayar suna: tare da warangi take kwaso 'ya'yan falia da na giwan ruwa da na ragon ruwa da ba su kai ko'ina ba. A 1996 an ƙiyasta kamun tafkin da kimanin tan 38,000, zuwa 2001 bai kai rabin haka ba. A tsakanin nan ne aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus, wanda ya fara a 1993, ya kawo lasisin su, ya jawo sarakunan ruwa cikin tsarin, aka kuma haramta dala a jihohin Kabi da Neja.

Aiki ne mai kyau, kuma ƙididdigar da ya bari tana cikin mafi inganci da aka taɓa yi wa wani ruwa a ƙasar nan. Sai dai idonsa, kamar idon kusan duk wani tsarin kula da su, yana kan raga ne: faɗin idonta, yawanta, wa ke da izinin jefa ta. Wannan lissafin abin da ake cirewa ne. Lissafin abin da ke shigowa, wato 'ya'yan kifi nawa ƙoramu ke turowa tafki kowace kaka, bai samu mai riƙe shi ba. Tamkar mai rumbu ne da ke auna abin da ake ɗiba kullum, bai taɓa leƙa gona ba.

Abubuwan da ke toshe ƙorama ba ɓoyayyu ba ne. Na farko shingen masunta ne da kansu: a gicciya sanduna da zana ko raga daga gaɓa zuwa gaɓa a bakin ƙorama, a jera gura a jikinsu, duk kifin da ya taso haihuwa ya faɗa ciki da ƙwansa. Da kaka kuma a juya bakin gurar, a tare 'ya'yan da ke saukowa. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da abubuwa masu fashewa, ta kuma yi maganar kada wani shinge ya hana kifi wucewa, amma takarda ba ta kwana a bakin ƙorama. Na biyu yashi ne. Inda aka sare giyayya da malmo da ɓaure na bakin rafi aka kai garma har gaɓa, ƙasa takan zube cikin ruwa, gurabun da ke da zurfi su cike, ƙorama ta zama shimfiɗar rairayi da ke kawo ruwa kwana biyu ta ƙafe. Wankin zinariya, wanda ƙasar Yauri da Ngaski ta daɗe da saninsa, yana ƙara nasa lakar. Na uku abin da ke faruwa da rani ne, lokacin da ƙorama ta tsinke ta zama gurabu, manyan kifaye suka taru a cikinsu suna jiran damina. Injin ban ruwa yana iya zuƙe gurbi cikin kwanaki. A da magimfa ake dakawa a zuba, ta bugar da kifi, ruwa ya wanke ta. Yanzu maganin ƙwarin gona ake tsiyayawa, ya kashe babba da ƙarami har da abin da ƙaramin zai ci, kuma kifin ya ƙare a tukunyar wani.

Na huɗu ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne wanda ba a zargi: kwalbati. Duk inda hanya ta ƙetare ƙorama ba a yi gada ba, bututu ake binnewa. Idan bututun ya yi wa ƙoramar kaɗan, ruwa yakan matse ya fito da gudu kamar daga bakin famfo, ya haƙe ƙasa a gabansa. Bayan 'yan damuna sai bakin kwalbatin ya kasance a rataye, ruwa na zubowa daga sama. Tarwaɗa mai taurin kai ce, tana shaƙar iska, tana iya jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zagaye. Kawara da falia da ƙurungu ba su da wannan baiwa. A gare su tsallen rabin mita daidai yake da bangon Kainji mai tsawon mita 65, kuma duk fadamar da ke bayan hanyar ta fita daga lissafi.

A nan ne labarin salmon yake da abin koyarwa na gaske. A jihar Washinton ƙabilu 21 sun kai gwamnatin jiha ƙara a 2001, suna cewa yarjejeniyoyin 1854 da 1855 da suka ba su haƙƙin kamun kifi ba su da amfani idan kwalbatocin hanyoyin jiha sun hana kifin haihuwa. A 2013 alƙali Ricardo Martinez ya umarci jihar ta gyara ɗaruruwansu. Maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 2018, alƙalai suka rabu huɗu da huɗu, hukuncin ya tsaya. Kuɗin aikin ya shiga biliyoyin daloli. Rushe madatsa shi ke samun hoto a jarida, amma yawancin aikin dawo da salmon irin wannan ne, bututu bayan bututu. Gyaran kuwa ba wani sirri ba ne: a yi kwalbati mai faɗin ƙoramar kanta, a nutsar da gindinsa ƙasa da shimfiɗar ruwa, a bar yashi da tsakuwa su kwanta a ciki yadda kifi ba zai san ya shiga ƙarƙashin hanya ba. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta yi wa hanyoyi da gadojin jihar Kabi zai gane cewa kwalbatin da ya wadaci kifi shi ne kuma wanda ruwa ba ya ɗauke wa hanya a kansa. Ma'aikatar ayyuka na iya yin wannan don kanta, kifi ya ci albarkaci.

Akwai kuma kuskuren da Amurkawa suka yi wanda bai kamata a maimaita ba. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 hukumomin yankin sun yi ta kwashe itatuwan da suka faɗa cikin ƙoramu, a zatonsu suna share wa salmon hanya. Daga baya aka gane gungumen nan su ke karkatar da ruwa ya haƙa gurbi mai zurfi, su ke ba ƙananan kifi mafaka. Yau ana kashe kuɗi ana mayar da gungume cikin ruwa. A Kainji kututturan itatuwan da tafkin ya nutsar suna yaga raga, suna kuma da haɗari ga jiragen fasinja, don haka cire su daga hanyar jirgi wajibi ne, rai ya fi kifi. Amma itacen da ya faɗa a ƙoramar da jirgi ba ya bi, barinsa a wurin aiki ne, ko da mai wucewa zai ɗauka sakaci ne.

Magunguna biyu ne suka fi saurin zuwa bakin masu mulki, kuma dukansu suna da rauni a wannan wuri. Ɗaya matakalar kifi ce a jikin madatsa. An yi wa madatsar Markala ta Mali irinta tun zamanin Faransawa, ba ta biya bukata ba, ga shi kuwa Markala gajeruwa ce idan aka gwada ta da Kainji. Ɗayan shi ne sakin 'ya'yan kifin ƙyanƙyasa a tafki, bikin da ke da daɗin ɗauka a hoto. Tarwaɗa ɗaya mai matsakaicin girma tana ɗauke da ƙwai dubu goma-goma. Shinge ɗaya a dare ɗaya na Yuli yana iya hallaka abin da ya fi wanda za a sako daga motar tanki, kuma na motar bai san giwan ruwa ba sai ranar da ya gamu da shi. A kogin Kolumbiya na Amurka an shafe fiye da ƙarni ana ƙyanƙyasar salmon, har yau nau'o'insa da dama suna cikin jerin masu fuskantar ƙarewa.

Misalin da ya fi kusa da Yauri yana arewacin Kamaru. A 1979 aka gina madatsar Maga da ganuwar ƙasa a gefen kogin Logone domin noman shinkafa, ambaliya ta daina shiga babban ɓangare na fadamar Waza. Ciyawar kiwo ta mutu, su ya durƙushe, mutane suka watse. A 1994 aka buɗe wata mashigar ruwa da ganuwar ta toshe, ruwa ya sake rufe fili mai murabba'in kilomita kusan 200, kifi da makiyaya suka komo cikin 'yan shekaru. Ba a rushe madatsar ba, ba a hana shinkafa ba, ƙofa ɗaya aka buɗe. Kifin ƙasashe masu zafi yana da saurin amsawa: salmon na bukatar shekara uku zuwa biyar kafin ya komo haihuwa, tarwaɗa kuwa cikin shekara ɗaya ko biyu ta isa. A Mali ma masunta da makiyaya sun daɗe suna sake dasa burgu a fadamun da ya ɓace, ciyawar nan mai zaƙi da ke bin ruwa tana tsawo, wadda take abincin shanu da rani, gidan 'ya'yan kifi da damina. Burgu ba baƙo ba ne a bakin Kainji.

Batun shinkafa ba ya kaucuwa, kuma rashin adalci ne a mayar da manomi abin zargi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Banki a Birnin Kabi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamun jihar, ya shigar da kuɗi gidajen da ba su saba gani ba. Sau da yawa ma manomin da masuncin mutum ɗaya ne, da safe yana gona, da yamma yana cikin kwalekwale. Ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan darajar kifi. Abin da yake bukata tsari ne da zai raba fadama: ga inda za a yi shinkafa, ga mashigar da ba za a toshe ba, ga gurbin da injin ba zai zuƙe ƙasa da wata alama ba, ga 'yan taku daga gaɓa da za a bar wa jema da giyayya. Akwai abin da ya fi ƙarfin wannan tsari, gaskiya ne. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 da ta Goronyo sun rage farin ruwa tun daga sama, kuma binciken William Adams a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ya nuna yadda su ya ragu bayan ambaliya ta ragu. Madatsar Kandaji da ake ginawa a Jamhuriyar Nijar, sama da Yamai, za ta taɓa baƙin ruwa. Waɗannan maganganun gwamnatoci ne da Hukumar Kogin Neja. Kwalbati da shinge da gurbi kuwa maganar hakimi ce da sarkin ruwa da shugaban ƙaramar hukuma.

Ƙasar Kabi ba ta bukatar aron dabarar hana ruwa daga waje. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya kuma shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, ya tsayu ne a kan doka ɗaya: Matan Fada a rufe take sai ranar da aka buɗe. Manyan kifayen da ake ɗagawa a gaban baƙi amfanin haƙurin shekara ne. Ƙauyuka da yawa a bakin gulbi sun san irin wannan, tafkin da ba a taɓawa sai sarkin ruwa ya ba da izini, gari ya fito da homa da gora rana ɗaya. Abin da ya raunana shi ne ikon da ke bayan dokar, yayin da baƙin masunta suka yawaita, kasuwa ta faɗaɗa, rashin tsaro kuma ya sa wasu ƙoramun ba sa biyuwa ko da rana.

Aikin farko mai arha ne. A bi kowace ƙorama da ƙafa a cikin rani, inda tsaro ya bari, daga bakinta zuwa inda ta faro, tare da tsofaffin masuntan da suka san inda kifi ke kwana da inda ya daina zuwa. A rubuta kowane kwalbati mai rataye, kowane gurbi da ya cike, kowane wurin shinge. Daga nan a zaɓi uku ko huɗu, a gyara, a bar wasu yadda suke domin gwadawa, masu binciken Sabuwar Busa su ƙirga 'ya'yan kifin da ke saukowa daga kowacce da kaka. Shinge ma ba lallai a hana shi ɗungurungum ba. Ana iya cewa kada ya wuce kashi biyu cikin uku na faɗin ruwa, kuma a ɗage shi gaba ɗaya na makonni shida daga ruwan farko.

Wuyar tana wurin da asara da riba suke faɗawa. Mutumin da ya ɗage shingensa a watan Yuli ya bar kamu mafi sauƙi na shekara, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Kifin da ya bari ya wuce zai haifi 'ya'yan da wani zai kama baɗi a Wara, ko a tsallake cikin jihar Neja, mutumin da bai san shi ba, ba kuwa zai gode masa ba. Babu dokar da za ta daɗe a kan irin wannan rabo, ko da an sa mata ɗan sanda. Dole wani abu ya komo hannun wanda ya ɗage. Hanya ɗaya ita ce a ba ƙauyen da ke riƙe da ƙorama haƙƙin gurabunta shi kaɗai, a rubuce, da sa hannun masarauta da ƙaramar hukuma, ya rufe su da rani ya buɗe a ranar da ya zaɓa, ya bar gurbi ɗaya mafi zurfi ba a taɓa ba domin iri. Wata hanyar ita ce a ware wani kaso na kuɗin lasisin su da harajin kasuwar kifi ta Yelwa, a biya mutanen ƙauyen ladan gadi da dashen burgu a makonnin da aka rufe. Kuɗin ba shi da yawa idan aka gwada da na kwangilar ƙyanƙyasa ɗaya, amma sai ya iso kafin ruwan farko, a hannun mutanen da sunansu ke cikin takarda, kuma jihohin Kabi da Neja su amince da makonni iri ɗaya, tun da bakin Malendo da bakin Swashi tafki ɗaya suke zuba wa.